"A Hankali": Tsofaffi, Ciwo Mai Daɗewa da Aikin Ɗalibin Harshe

Gabatarwa

Wannan ɗan nazari ya samo asali ne daga zaman da na yi a gidan baffana a Kurudu cikin shekarar 2022, lokacin da yajin aikin malamai ya rufe jami'o'in gwamnati tun daga watan Fabrairu har zuwa Oktoba. Ga wanda bai san wurin ba, Kurudu tana bayan garin Abuja ne, a kan hanyar da ta taso daga Nyanya ta ratsa Karu da Jikwoyi ta nufi Orozo da Karshi. Asalin ƙasar ta Gbagyi ce, amma a yau babu irin mutanen da ba a samu a cikinta. Akwai kuma rukunin gidajen da aka gina domin sojojin da suka bar aiki, saboda haka tsofaffin sojoji ba su da wuyar gani a can. Baffa ɗaya ne daga cikinsu, har yanzu ma abokansa Samanja suke ce masa.

Na tarar da shi ya yi kusan shekara biyu ba ya zuwa masallacin unguwa. Gwiwa da kwankwaso sun hana shi sakat. 'Ya'yansa sukan fita tun asuba don gudun cunkoson hanyar Nyanya, ba sa dawowa sai dare, daga shi sai matarsa Hajiya sai rediyo. Abin da yake lallaɓa ciwon da shi kuwa shi ne "haɗi", wato ƙwayoyi huɗu ko biyar da mai kyamis kan ƙulla a leda babu suna babu takarda. Ban yi wata guda da zuwa ba ciwon ciki ya kayar da shi. A asibiti likita ya ce gyambon ciki ne, kuma masu kashe zafin da ke cikin haɗin, irin su diclofenac, suna iya jawo shi, har ma su taɓa ƙoda idan tsoho ya daɗe yana sha. Ya hana shi haɗin, ya tura mu sashen gashin ƙashi. Matashiyar da ta karɓe mu a can ba ta jin Hausa, shi kuma Baffa Turancinsa na bariki ne, na ba da umarni da karɓar umarni. Da haka na zama ɗan rakiya kuma tafinta, aikin da na ɗauka wasa ne ga ɗan sashen Hausa. Maƙalar za ta duba irin motsa jikin da aka koya masa, da kuma kalmomin da suka kusa ɓata aikin kafin wata kalma ta gyara shi.

Mene ne ciwo mai daɗewa?

A wurin likitoci, ciwon da ya wuce wata uku yana nan, ko yana tafiya yana dawowa, shi ne ciwo mai daɗewa. Haka yake a kundin rabe-raben cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2022. Ciwon baya kaɗai, an ƙiyasta mutum miliyan 619 ne suke fama da shi a duniya a shekarar 2020.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, zafin da mutum ke ji ba ma'auni ne na ɓarnar da ke jikinsa kai tsaye ba. Tun a 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa saƙon zafi ba ya wucewa zuwa ƙwaƙwalwa haka kawai. Akwai abin da suka kamanta da ƙofa a cikin laka, wadda takan buɗe ko ta rage buɗewa. Shafa wurin yana iya tura ƙofar, shi ya sa uwa take murza goshin ɗanta idan ya yi karo. Ita ma ƙwaƙwalwa tana aiko da nata saƙon daga sama: tsoro da damuwa da rashin barci sukan wangale ƙofar, natsuwa takan sassauta. Idan ciwo ya daɗe, jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon sukan zama kamar karen gidan da aka taɓa yi wa sata, ko ganye ne ya motsa sai ya yi haushi. Daga nan sai mutum ya fara gudun motsi, tsokar da ke riƙe gaɓa ta saki, gaɓar ta ƙara sagewa, motsi kaɗan ya ƙara zafi, tsoron ya ƙaru. A cikin wannan zagaye na tarar da Baffa.

Yadda Bahaushe ke faɗar ciwo

Tambayar farko da ma'aikaciyar ta yi ita ce yaya jikin. Baffa ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Na fassara mata yadda ya faɗa, ta rubuta. Sai da na ga tana shirin wucewa gaba na tuna cewa "da sauƙi" gaisuwa ce, ba rahoto ba. Bahaushe ko a gargara yake abin da zai ce ke nan, domin tarbiyyarsa ta haƙuri da dauriya ta hana shi raki, balle namiji, balle kuma soja. Tafintan da ya fassara kalmomin ya bar al'adar da ke bayansu ya yi wa majinyaci illa ba da saninsa ba.

Da aka matsa da tambaya, sai kalmomi suka fara fitowa, kuma ba ɗaya ba ce. Da dare gwiwar zugi take yi, wato zafin da ke bugawa daga ciki. Da safe jikin tsami yake yi, gaɓoɓin su sage, sai rana ta ɗaga su saki. Idan ya sunkuya, bayan yakan riƙe. Wani lokaci kuma wani abu yakan soke shi daga ƙugu ya sauka ta bayan cinya. Raɗaɗi dabam ne, shi ne irin na ƙuna ko na barkono a miki. Sara ta kai ce, murɗa ta ciki. Duk waɗannan na tattara su da farko na mayar da su kalma ɗaya ta Turanci, alhali kowace tana nuna wa mai magani wani abu dabam: tsamin safe da ke wucewa ba da jimawa ba ya saba zuwa da amosanin gaɓoɓi na tsufa, sukar da ke sauka ƙafa kuwa tana sa a duba jijiya.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne aikatau da ciwo yake ɗauka. A duba waɗannan jimloli da na ji a bakin Baffa da abokansa:

(1) Ciwon ya kama ni tun ina aiki.
(2) Da damina yake tashi.
(3) Kwana biyu ya ɗan kwanta.
(4) Yana cina a hankali.
(5) Har yau bai sake ni ba.

A duk jimlolin, ciwo shi ne aikau, mutum kuwa karɓau ne ko ɗan kallo. Ciwo wani mai rai ne da ke kamu, yana tashi, yana kwanciya, yana ci. Mai wannan tunani ba zai ga dalilin motsi ba, tunda wanda aka kama ba shi da ta cewa sai an sake shi, abin da ya rage masa shi ne ya lallaɓa kada ya tashe shi. Amma a sake duba (2) da (3). Aikatau biyun nan, tashi da kwanta, su ne dai muke ba hankali: hankalina ya tashi, hankalina ya kwanta. Haka kuma da "ji" ɗaya muke jin magana, mu ji zafi, mu ji tsoro, mu ji sauƙi. Ke nan harshen bai taɓa gina katanga tsakanin jiki da zuciya ba. Hajiya ce ma ta fara gaya mini, ba tare da ta karanta Melzack ba, cewa duk watan da kuɗin fansho ya yi jinkiri, gwiwar Baffa ta fi zugi.

Irin motsa jikin da ake magana a kai

Akwai wasu nau'o'in motsa jiki da ba gudu ko ɗaga ƙarfe ba ne. Sun haɗa abu uku a lokaci guda: motsi mai taushi, numfashi mai tsari, da mayar da hankali ga abin da jiki ke yi. Fitattu a cikinsu su ne yoga ta ƙasar Indiya da taici na ƙasar Sin. Shi taici asalinsa dabarar faɗa ce, ana danganta shi da ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan tun ƙarni na 17, amma yau tsofaffi ne suka fi yin sa da sassafe a filayen shaƙatawa, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2020. Na uku shi ne horon natsuwa na mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya fara a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979 domin majinyatan da magani ya gaza musu.

An gwada su a kan dattawa, ba sau ɗaya ba. A birnin Boston, Chenchen Wang da abokan aikinta sun raba mutum 204 masu amosanin gwiwa gida biyu, wasu suka yi taici sau biyu a mako har mako 12, wasu aka yi musu gashin ƙashi na asibiti. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu kusan ɗaya ne, har bayan shekara, sai dai 'yan taici sun fi samun raguwar ƙuncin zuciya. A wannan shekarar dai Natalia Morone ta fitar da nata binciken daga Pittsburgh, a kan mutum 282 'yan shekara 65 zuwa sama masu ciwon baya. Waɗanda suka yi horon natsuwa sun fi iya hidimominsu bayan mako takwas, amma wannan fifiko bai kai wata shida ba, ko da yake raguwar tsananin zafin ta ɗore. Na kawo wannan ne da gangan, domin masu tallar irin waɗannan abubuwa sukan cika baki. Sauƙi ne ake samu, ba warkewa ba, kuma wanda ya daina yi yakan koma gidan jiya. Inda ribar ta fi fitowa fili shi ne wajen hana faɗuwa: a jihar Oregon, binciken 2018 a kan mutum 670 'yan shekara 70 zuwa sama ya samu cewa masu taici sun rage faɗuwa da kashi 58 cikin ɗari idan aka gwada su da masu miƙe gaɓoɓi kawai.

Mu ma a gida an taɓa wani abu makamancin wannan. Aminu Alhassan Ibrahim da abokan aikinsa na fannin gashin ƙashi a Jami'ar Bayero sun yi aiki da mutum 120 masu ciwon baya a Tsakuwa ta ƙaramar hukumar Dawakin Kudu a Kano. Wasu an koya musu motsa jiki, wasu an yi musu bayani a kan ciwon, wasu an haɗa musu biyun. A rahoton da ya fito a 2023 duk rukunan sun samu sauƙi, amma waɗanda aka haɗa wa bayani da motsi su suka fi. Kafin a kai ga haka sai da masana wannan fanni suka zauna suka mayar da takardun tambayoyin auna ciwo zuwa Hausa. A nan ne ya kamata kunnen ɗan sashenmu ya tashi, domin rabin maganin magana ce, maganar kuma da Hausa za a yi ta.

Kurakuraina biyu

Da ma'aikaciyar ta nuna mana hoton gwiwar Baffa, ta yi bayani da wata kalma da ke nufin canjin da shekaru ke kawowa. Ni kuma, don in nuna gwaninta, na ce masa, "Baffa, ta ce ƙashin ya cinye." Ya yi shiru har muka isa gida. Da dare ya kira ni ya ce, "Kai ɗan nan, abin da ya cinye, in aka ci gaba da goga shi ai ƙarewa zai yi. Gara in zauna in adana ragowar." Hujjarsa ba ta da aibi, kalmata ce mai aibi. Gaɓa ba takalmi ba ce. Guringuntsi ba shi da hanyar jini tasa, daga ruwan gaɓa yake samun abinci, ruwan kuma sai da motsi yake zagayawa. Shi ma hoto ba ya faɗar komai da komai. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan bayan mutanen da ba sa jin ciwon komai ya samu alamun lalacewar faifan ƙashin baya a jikin kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Da na sani a lokacin, da cewa na yi furfura ce ta ciki.

Kuskure na biyu ya fi muni. Ta ce ya riƙa motsa jiki kullum, ni kuma na ce "atisaye", ina ganin kalmar za ta burge soja. Ta kuwa burge shi. Bayan kwana biyu da na lallashe shi, sai na fito da safe na same shi a tsakar gida yana ƙoƙarin tsallen kwaɗo. Kwana uku ya yi a kwance. Da na yi masa magana ya ce, "Ka ce mini atisaye. Atisayen da na sani ke nan." Na koma ga "motsa jiki", sai Hajiya, wadda ita ma kafaɗa ke damunta, ta ce ita da jikokinta ba za ta tsaya tana tsalle-tsalle a tsakar gida ba. A kunnenta kalmar ta 'yan ƙwallo ce da 'yan makaranta. Sunayen yoga da taici kuwa ban ma daɗe a kansu ba, domin tambayar farko da Baffa ya yi ita ce, "Wane addini ne kuma wannan?" Tambayar tana da tushe, tunda yoga ta taso ne cikin addinan Indiya. Amma abin da aka rubuta masa a asibiti motsi ne da numfashi da natsuwa, babu wani abin faɗa ko abin bauta a ciki.

A komawarmu ta gaba ma'aikaciyar ta tashi ta nuna da jikinta. Ta ɗaga hannu kamar mai tsoron farkar da jariri, ta sauke, tana ta maimaita wata kalma. Na juya na ce, "Baffa, a hankali." Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa. "A hankali" na nufin sannu-sannu, yana nufin da taushi, yana nufin da lura, kuma a tsakiyarsa ga kalmar hankali nan zaune, wadda masana ke dangantawa da aƙlu ta Larabci. Abin da Bature ya buƙaci kalma biyu ya ɗaure su kafin ya faɗa, wato jiki da tunani, Bahaushe ya riga ya dunƙule shi a bayanau ɗaya. A ganina "motsa jiki a hankali" ya fi duk wata fassara da za mu ƙirƙiro, domin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane rabinsa nan take, sauran rabin kuma jikinta zai gaya mata.

Abin da muka riƙa yi

Da hantsi muke yi, bayan tsamin safe ya saki, a kan benci da aka jingina da bango, minti goma sha biyar zuwa ashirin. Motsin na ma'aikaciyar ne, sunayen ne nawa. Ba taici muka yi ba, mai son taici sai ya nemi wanda ya iya. Sai dai na aro dabara ɗaya daga gare shi: Sinawa sukan raɗa wa kowane motsi suna mai hoto, na gajimare ko na tsuntsu, don ya zauna a ka. Ni ma sai na nemo hotunan da tsofaffinmu suka sani.

Da numfashi ake farawa, a zaune, hannu a kan ciki. A shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar ana ƙirga shida, kamar mai hura koko. Sai "jan guga": hannu ɗaya ya tashi, ɗaya ya sauka, numfashi na bin su. Sai "shiƙa", wato juya ƙirji dama da hagu da hannuwa a buɗe kamar mai riƙe da faifai. Wannan Hajiya ta karɓe shi, har tana gyara mini riƙon. Sai tashi daga benci da komawa sau biyar, ba faɗawa ba, a sauka kamar akwai ƙwai a wurin. Na ƙarshe shi ne "tafiyar hawainiya" a gefen bango: a ɗaga ƙafa, a dakata, a ajiye diddige, sannan a mayar da nauyi a kanta. Taku goma kan ci minti guda. Baffa ya ce a duk faretin da ya yi bai taɓa gamuwa da mai wuyar wannan ba.

Sashen hankali shi ya fi wuyar bayani. Idan zafi ya taso ana cikin yi, ba a cije haƙori a danne shi irin na soja, ba a kuma tsaya cak don tsoro. Ana rage motsin, a ci gaba da numfashi, a tambayi kai: zugi ne ko tsami? A ina ya tsaya? Yana ƙaruwa ko yana nan yadda yake? A nan tarin kalmominmu na ciwo ya yi rana, domin wanda ya iya raɗa wa abu suna ya fara kallonsa ke nan, ba gudunsa ba. Ƙa'idar da aka ba mu ita ce, ɗan zafin da zai lafa kafin washegari ba laifi, wanda ya kwana ya wuni yana ƙaruwa kuwa alama ce an zarce, sai a rage. Baffa da kansa ya ce abin ya tuna masa da natsuwar da malamai ke cewa salla ba ta cika sai da ita, kowace gaɓa ta zauna a wurinta kafin a wuce. Ya ƙara da cewa salla dai ibada ce, kada in je makaranta in rubuta cewa atisaye ce.

Wajibi ne in ja kunne a nan. Ba kowane ciwon baya ko gwiwa ake tara da motsi ba. Idan akwai zazzaɓi, ko rama babu dalili, ko gaɓa ta kumbura ta yi zafi jau, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari da bayan gida sun fara kuɓucewa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, asibiti za a nufa ba benci ba. Tarin fuka ma yana kama ƙashin baya a ƙasar nan. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likitansa. Awon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ga 'yan shekara 65 zuwa sama shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku. Baffa bai kai rabin wannan ba a watan farko, kuma babu wanda ya tsananta masa.

Wajen watan Agusta wani maƙwabcinsa, shi ma tsohon soja, ya leƙo ya yi mana dariya, bayan mako guda ya dawo da kujerarsa. Ana gobe zan koma makaranta na raka Baffa sallar magariba da ƙafa. Tafiyar da yaro zai yi a minti biyar ta ci mana goma sha biyar, kuma a kan kujera ya yi sallar, domin gwiwar ba ta yarda da sujada ba har yanzu. A hanyar dawowa wani ya gaishe shi da jiki, ya ce da sauƙi. Da muka wuce na ce, "Baffa, wane sauƙin, na gaisuwa ko na asibiti?"

Ya ce, "Zugin dare yana nan. Tsamin safe ya ragu. Sukar nan ta cinya kuwa tun sallar layya ban ji ta ba. Rubuta haka, kada ka sake haɗa mini su wuri ɗaya."